Bulon Kawu Mai Kwanan Wata

Duk matar da ta taɓa haihuwa a wurin Sista abu biyu take faɗa: ungozomar akwai sauƙin hannu, ɗakin kuwa sai dai haƙuri. Ɗakuna biyu ne na haya a bayan wani shagon gyaran babur, rufin kwano ba silin, taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabci. Da rana ta take, mai naƙuda na gumi, Sista na gumi, jaririn ma yakan iso duniya da ƙorafin da ya fi na sauran jarirai. In an ɗauke wuta sai a tayar da janareta saboda firjin allurai, shi kuma ya cika wurin da ƙara da hayaƙi, ya shanye rabin abin da aka samu a wata.

Shekara goma sha ɗaya tana cikin wannan hali. Fili dai tana da shi, wanda mahaifiyarta ta bar mata a ƙarshen layinsu. Abin ɗorawa a kai ne babu. Banki biyu ta shiga, aka ba ta kujera mai laushi da ruwan sanyi, aka rako ta bakin ƙofa da murmushi. A na uku ne ma'aikaciyar da ke karɓar takardu, wadda Sista ta karɓi haihuwar tagwayenta, ta jawo wata takarda daga ƙasan tebur.

"Sista, bashin gini irin wanda kika sani ba za su ba ki ba, kar ki wahalar da ƙafarki," in ji ta. "Amma akwai wani asusu da ke tallafa wa ginin da ba ya cin wutar lantarki, ba ya cin siminti da yawa. Kyauta ne, ba a biya. In suka amince da ke, ofishin ba da izinin gini ba zai karɓi komai a hannunki ba, mu ma nan sai mu cika miki abin da ya rage da sauƙin kuɗin ruwa."

"To mene ne a ƙasa?" Sista ta tambaya, don ta daɗe a duniya.

"Sharuɗɗa. Shafi goma sha huɗu."

Ta karanta su tsaf tsakanin awo da awo, ta ja layi da jan biro. Bango na bulon ƙasa ne da ake matsewa a inji, da ɗan siminti kaɗan a ciki. Tagogi su kalli juna don iska ta ratsa. Rufi ya zarce bango sosai ya yi masa inuwa, a bar sarari tsakanin kwano da silin. Sai sola, sai tankin tara ruwan sama. Kuɗin kashi uku ne: na bango, na rufi, na sola. Ba a sakin kashi na gaba sai injiniyar asusun ta zo ta ga na baya da idonta ta sa hannu. Wata biyar Sista na kai da komo da fom da hoton fili, har ranar da saƙo ya shigo wayarta cewa kashin farko ya sauka. Ta zauna a kan bencin masu jiran awo ta yi kuka son ranta, mata na ta tambayarta wa ya rasu.

Magini kuwa ba sai an nemo ba. Kawunta, ƙanen mahaifiyarta, shekara arba'in yana riƙe da cokalin gini, rabin gidajen unguwar shi ya ɗaga su. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar uwar, kuma bai taɓa kiran sunanta ba, sai Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Mutum ne mai kirki da taurin kai, kuma bai yarda akwai bambanci tsakanin biyun ba.

Da ta ce masa bulon ƙasa, sai ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Uwata, da ƙasa na fara, ina cuɗa ta da ƙafa ƙafata na tsagewa. Na yi shekara goma kafin na samu aka ba ni siminti na taɓa. Yanzu da furfurata za ki mayar da ni rami?"

"Kawu, ba irin waccan ba ce. Inji ke matse ta."

"Ko jirgi ne ke matse ta, ƙasa ce."

Kwana uku bai yi mata magana ba. A na huɗu aka kawo injin, ya zo wai don ya ga shirme. Ya ɗauki bulon farko da ya bushe, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ɗaga shi daidai kafaɗa ya saki. Bulo ya faɗi ya zauna lafiya lau. Kawu ya yi tsaki, ya ce ƙasar da suka tankaɗe yashinta ya yi kaɗan, kuma in ba shi ya tsaya a kai ba ɓata mata kuɗi za su yi. Haka ya karɓi aikin ba tare da ya taɓa cewa ya karɓa ba.

Yana da wata ɗabi'a da leburorinsa suka gaji da yi wa dariya. Kowace safiya, bulo biyu na farko da suka fito daga inji ba sa shiga gini. Yakan zaro wata doguwar ƙusa daga aljihu ya zana kwanan wata a jikinsu. Kawu bai iya karatu ba, amma lamba ba ta taɓa ba shi wahala ba. In sun bushe, ɗaya ya kwana cikin bokitin ruwa, ɗaya ya zauna a bushe, sannan a jera su gefe da gefe a cikin rumfar kayan aiki. Haka maigidansa ya koya masa tun zamanin bulon siminti, haka kuma yake yi a kowane gini.

"Kawu, wannan tarin naka ai ya isa banɗaki guda," Sista ta ce wata rana.

"Ke ki ji da masu ciki, ki bar ni da nawa."

Ta kuwa bar shi. A nan ne kuskurenta yake, kuma dole a faɗa. Ta raba aikin gida biyu a ranta: takarda tata, bango nasa. Da ƙyar ta shawo kansa ya taɓa ƙasa, sai ta ji tsoron in ta zauna tana karanta masa shafi goma sha huɗu na abin da wasu mutane a ofis suka yarda da wanda ba su yarda ba, zai ajiye cokali ya tafi. Don haka takan gaya masa faɗin taga da tsawon ɗaki kawai, sauran ta haɗiye.

Bango ya tashi, ɗakuna uku da baranda, ja mai kyau, layi a miƙe. Sista takan biya da yamma ta shafa shi ta ji daɗi. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da Kawu ke sha a wurin mai shayi, inda magina ke haɗuwa da safe. Wannan ya ce ya ji an koma ƙauye. Wancan ya ce in damina ta zo a tanadi buhu a kwashe asibitin. Kawu yakan shanye shayinsa ya tashi, amma maganar na bin sa har kan tsani.

Ana cikin haka aka kira Sista kwas na sabunta lasisi, mako guda a wani gari, ba yadda za ta ƙi. Damina saura kamar mako uku, gajimare ya fara taruwa da la'asar yana watsewa. Bangon ƙasa ba rufi, in ruwa ya yi masa dukan kwana da kwanaki, aikin wata biyu ya tafi, kuma asusun ba ya biyan bango sau biyu. Kafin ta hau mota ta gaya wa Kawu cewa ranar Laraba ta sama Injiniya za ta zo duba gini, kuma daga wannan dubawar kuɗin rufi zai fito.

Kawu ya gyaɗa kai. "Je ki abinki. Ba za ki ji kunya ba."

Ranar Laraba da safe, daga tasha Sista ta wuce kai tsaye ta tari Injiniya a bakin titi. Matashiya ce siririya, da takalmin aiki da jaka a kafaɗa, ba ta da yawan magana. Suka shiga layin tare, Sista na ta ba ta labarin jan bango. Da suka sha kwanar ƙarshe sai Sista ta tsaya cak.

Jan bango babu shi. A wurinsa ga wani gini toka-toka, sumul, an shafe shi da filastar siminti ciki da waje, kusurwa kamar an yanka da wuƙa. An share fili tas, an yayyafa ruwa. Kawu na tsaye a bakin ƙofa da wankakkiyar riga, leburori shida a bayansa, kowa ido ya faɗa saboda aikin kwana shida ba hutu.

"Sannu da zuwa, 'yata," ya ce wa Injiniya. "Shigo ki gani."

Injiniya ta gaishe shi da ladabi. Ta zagaya ginin sau ɗaya, ta shafa bango, ta dawo ta tsaya.

"Baba, aikin hannu ya yi kyau. Ban taɓa ganin filasta mai kyan wannan ba." Ta juya wajen Sista. "Amma ba zan iya sa hannu ba."

Sista ta riga ta sani. Layin da ta ja da jan biro a shafi na tara yana yawo a idonta: a bar bango a buɗe har sai an duba.

Injiniya ta yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Abin da aka turo ta gani shi ne bulon, layi bayan layi, ta gwada ƙarfinsa. Yanzu an rufe. Ga shi kuma filastar siminti ba ta zama lafiya a kan bangon ƙasa, takan riƙe danshi a ciki, bayan shekara biyu ta fara ɓamɓarowa da naman bangon. Sannan ta ƙara abin da ya fi zafi.

"Mun sha ganin inda aka karɓi kuɗi, aka yi bulo marar kyau, aka yi sauri aka shafe kafin mu zo. Ban ce haka aka yi a nan ba. Amma ofis ba su san Baba ba, takarda suka sani. In na rubuta abin da na gani, sai an turo kwamiti, shi kuma yakan ɗauki wata biyu."

Wata biyu. Sista ta ɗaga kai ta dubi sama, ta sauke. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta juya ga kawunta, kuma da ba don idon baƙuwa ba da ta faɗi abin da za ta yi nadama.

"Kawu, wa ya sa ka? A ina ma ka samu siminti?"

"Da kuɗin aikina na saya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na san ba a shafe kafin rufi, ba yau na fara gini ba. Amma kin ce mai ba da kuɗi za ta zo. Na ce a raina, wa zai zo daga ofis ya ga bango tsirara, na ƙasa, ya ce a ƙara wa mai shi kuɗi? Cewa za ta yi ba mu iya komai ba." Ya ƙara da cewa, "Ranar da uwarki ta nuna mini filin nan, ce mini ta yi in Allah ya hore in gina miki abin da ba za a raina ki a kai ba."

Fushin Sista ya sauka lokaci guda, kunya ta maye wurinsa. Mutumin nan ya zuba ladan wata biyu a bango don ya rufa mata asiri, a kan sharaɗin da ita ta ɓoye masa.

"Laifina ne," ta ce wa Injiniya. "Yana cikin takarda, ban karanta masa ba."

Amma Kawu bai ji wannan ba. Wata magana ce ta tsaya masa, sai yanzu ta gama isa.

"Tsaya, 'yata. Bulo marar kyau kika ce? A ginina?"

"Baba, ban ce..."

"Biyo ni."

Ya nufi rumfar kayan aiki da sauri har rigar na kaɗawa, ya yaye tampol. Ga su nan a jere a kan katako, bibbiyu, layi talatin da huɗu, kowanne da lambarsa da ƙusa ta zana.

"Wannan na ranar da muka fara. Wannan ya kwana a ruwa, wannan bai kwana ba, duba ki gaya mini bambancinsu. Daga nan zuwa nan su ne bangon gabas har taga. Wannan na ranar da aka kawo ƙasa mai yumɓu da yawa, kin ga ya tsage? Bulon ranar gaba ɗaya na sa aka farfasa, ko ɗaya bai hau gini ba, tambayi waɗannan, har yau suna jin haushina." Leburori suka yi dariya, suka ce ƙwarai kuwa.

Injiniya ta durƙusa. Ta daɗe a wurin. Ta ɗauki wannan ta auna, ta kankare wancan da makulli, tana tambaya Kawu na amsawa: wace rana, wane bango, layi na nawa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta fito da waya ta ɗauki hoton kowane layi.

"Baba, wa ya ce ka riƙa yin wannan?"

"Wa zai ce? Haka ake gini."

"Kamfanoni masu injiniya uku muna roƙonsu su ajiye mana irin wannan, ba sa yi." Ta miƙe tana kaɗe gwiwa. "Zan tafi da shida a gwada a ɗakin gwaji. In suka ci, kuma na ga bangon ya yi daidai da su, ba sai an kira kwamiti ba. Amma sai na ga bangon. Filastar nan dole ta sauka, duka, tun tana ɗanya ba ta gama kamawa ba. In ya so bayan rufi a shafe ciki da ƙasa da farar ƙasa."

Sista ta kasa kallon kawunta. A shekara arba'in ba a taɓa sa shi ya rushe aikin hannunsa ba, balle wanda ya fi kowanne kyau. Wani lebura ya ɗauko guduma yana jiran umarni.

"Ajiye," in ji Kawu. "Kai za ka ci mini bulo."

Ya tuɓe wankakkiyar rigar ya rataye a ƙusa, ya karɓi gudumar da siririn ƙarfe, ya je daidai gefen ƙofa inda filastar ta fi sheƙi. Ya ɗan tsaya. Sannan ya buga a hankali, a karkace, wani faffaɗan ɓawo ya faɗo, jan bulo ya leƙo lafiyarsa ƙalau.

Kwana huɗu suka yi suna sauke abin da suka yi kwana shida suna ɗorawa. Sista takan zo bayan awo ta kwashi ɓaraguzai a baro, Kawu na korarta tana dawowa. A rana ta biyu ta zauna a kan bulo ta karanta masa shafi goma sha huɗun nan daga farko har ƙarshe. Ya saurara yana aiki, ya ce shafi na shida hankali ne, na goma sha ɗaya kuwa wanda ya rubuta shi bai taɓa hawa tsani ba.

Bulo shida suka ci gwaji. Injiniya ta dawo ta bi bango layi layi ta sa hannu, kuɗin rufi ya sauka bayan kwana tara. Ruwan farko bai jira su ba. Ya sauko da rabin kwano a sama, suka yi ta guje-guje da tampol, kusurwar ɗaki na uku ta jiƙe har sai da aka sauya bulo goma sha biyu. Amma ginin ya tsaya. Kashi na uku ya kawo sola da batir, banki ya cika na tanki da gadaje kamar yadda ma'aikaciyar nan ta faɗa. Injiniya kuma ta zo da wata takardar daban, wai asusun na biyan ƙwararrun magina su koya wa wasu, ko Baba zai yarda. Kawu ya ce zai yi tunani, washegari ya sayi ƙusoshi kilo guda don masu koyo.

Ciki an shafe shi da ƙasa da farar ƙasa, fari tas, yadda ɗakin haihuwa ke bukata. Waje kuwa Sista ta ce in yana so a yi masa irin wannan shafen, sharaɗi bai hana ba. Kawu ya ce a bar shi haka. Maginan wurin mai shayi sun zo ɗaya bayan ɗaya, wai wucewa suke, kowa ya shiga ya tsaya tsakiyar ɗaki yana neman inda aka ɓoye na'urar sanyi.

Haihuwar farko ta zo wata ranar Litinin da tsakar rana, lokacin da kwalta ke narkewa a titi. Matar mai gyaran babur ce, haihuwarta ta uku a hannun Sista. Ba janareta, ba hayaƙi, firji na aikinsa shiru, labule na motsi tsakanin taga da taga. Da aka gama, aka goge jaririya aka ɗora mata a ƙirji, matar ta ce, "Sista, yau ko mafici ban nema ba," kafin a amsa mata barci ya ɗauke ta.

Sista ta wanke hannu ta fito baranda. Kawu na zaune a inuwar rufi, ya jingina da jan bango, wai ya zo duba indararo ne, indararon da ya duba jiya.

"An sauka?"

"An sauka, Kawu. Mace."

"Lafiya?"

"Lafiya lau, ita da uwar."

Ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. Ya laluba aljihu ya zaro doguwar ƙusar nan, ya je gefen ƙofa, daidai inda gudumarsa ta fara sauka, ya zaɓi bulo ɗaya ya hure ƙurar da ke kai.

"Uwata, yau nawa ga wata?"

Ta gaya masa. Ta tsaya a bayansa tana kallo yana zana lambobin ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zubo mata ba ta share ba.